Tambayoyin Masu Karatu: Wai me ake ta aunawa a ruwan fadama?

Tambaya: Salam Malam, don Allah masu aikin farfaɗo da fadama na ga sun kakkafa wasu sanduna masu lambobi cikin ruwa, kullum wani ya zo ya leƙa ya rubuta ya tafi. Ni dai gani nake ɓata lokaci ne, ba a sako ruwa kawai ta cika shi ke nan ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ai da cikar ce kaɗai matsalar da tuni an huta. Fadama ba tafki ba ce, da hawa da saukar ruwa take rayuwa, yaushe ya zo, ina ya kai, sati nawa ya kwanta kafin ya janye. Kifi na bin ambaliya ya yi ƙwai, wasu ciyayin kuma sai ƙasa ta sha iska suke tsirowa. In ruwa ya zauna shekara guda cur ba ya motsi to ciyawar kachala ce za ta mamaye ta toshe hanyoyin ruwan, kin ga an cika fadama amma an kashe ta ke nan.

Sandan nan rula ce kawai, tsayin ruwa take nunawa. Ana kuma nutsa bututu a ƙasa don a ga ruwan ƙarƙashi, yanzu har 'yar na'ura ake sakawa ciki tana rikodin da kanta kowace awa.

Gudun ruwa ma ke kanki za ki iya gwadawa. Ki auna faɗi da zurfin magudanar, ki jefa kara ki ga sakan nawa zai yi ya ci mita 10, ki raba 10 ɗin da sakan ɗin ki samu saurin, sai ki ninka faɗi da zurfi da saurin ki samu yawan ruwan da ke wucewa, amma ki ɗan rage don na sama ya fi na ƙasa gudu.

A fadamar Waza-Logone ta Kamaru, dam ɗin Maga da aka gina a 1979 ya tare ambaliya fadamar ta ƙeƙashe, sai a 1994 aka fara buɗe wa ruwa hanya a matsayin gwaji ana bin sawunsa, ciyawa da kifi suka soma dawowa. In ba rubutun nan na kullum, ranar da mai dam ya ce nawa zan sako kuma a wane wata, wallahi sai dai a yi ta kallon juna.