Kifin kogo marar ido: wanne za a saya, kuma yaya zai yi da sanyin Jos?

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandare a Bukuru. Ina son kifin kogo a ɗakin gwaje-gwajenmu don ɗalibai su ga abin da duhu ke yi wa halitta. Wani mai sayar da kifin ado ya nuna min wasu farare masu jan ido, ya ce su ne. In saya?

Malama, kada ki saya. Jan idon nan shi ya tona asiri: zabiya ce kawai, irin wadda ake samu ko a cikin tarwada, kuma tana gani. Kifin kogon gaske, in kika duba gurbin idonsa, fata za ki tarar ta shafe wurin. Jikinsa fari ne mai sirkin ruwan hoda, saboda jini ake hangowa ta cikin fata.

Masana sun kasa masu rayuwa a kogo gida uku, kuma wannan zai yi miki amfani a aji. Akwai baƙi, masu shiga su fita. Akwai waɗanda ke iya zama ciki ko waje duk ɗaya. Sai na uku, waɗanda ba su da rayuwa sai a cikin duhu, su ne suka rasa ido da launi. Kifaye irin waɗannan sun haura jinsi 200 a duniya, ƙasar Sin ce ta fi yawansu. Abin da ya kamata ɗalibai su riƙe shi ne ba dangi ɗaya ba ne. Clarias cavernicola na kogon Aigamas a Namibiya ɗan'uwan tarwadarmu ne ta kasuwa. Caecobarbus geertsii na kogwannin Mbanza-Ngungu a Kwango daga wani gida ya fito daban, haka Amblyopsis spelaea na Kentucky a Amurka, wanda aka bayyana tun 1842. Kowanne ta tasa hanyar ya bi, duhu da yunwa ne suka mai da su kama ɗaya.

Guda ɗaya ne ya dace ki nema, kuma ki kira shi da sunansa a gaban mai sayarwa: Astyanax mexicanus, ɗan kogwannin arewa maso gabashin Meziko. Shi ake kiwo a tankuna tun bayan gano shi a 1936, ba a kwaso shi daga kogo. In wani ya ce zai samo miki na Kwango ko na Namibiya, ki rufe zancen. Na Kwangon yana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takarda, na Namibiya kuwa kogo ɗaya tak yake da shi a duniya.

Yarona ya nace sai na saya masa makahon kifin nan. Muna zaune a Rayfield. Dole ne a ajiye shi cikin duhu? Me zan tanada?

Malam, haske bai dame shi ba, ka ajiye shi a falo abinka. Abin tsoro a Jos shi ne hunturu. Kifin yana son ruwa mai zafin digiri 20 zuwa 25, ga shi daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da 15. Ba nan take sanyin ke kashe shi ba. Sai ka ga ya daina ci, ya lafe a ƙasa, bayan kwanaki fararen ɗigo kamar gishiri su feso masa a jiki. Ka sayi hita mai kashe kanta, a lissafin wat ɗaya ga kowace lita, ka haɗa da ma'aunin zafi na manne wa gilashi. Daren da aka ɗauke wuta, ka lulluɓe tankin da bargo, ka sa gorar roba cike da ruwan ɗumi ta yi yawo a sama. Kada a tuttula ruwan zafi kai tsaye. Famfon iska mai batir shi ma ba kayan alatu ba ne a nan.

Tankin kada ya gaza lita 80 zuwa 100, dogo ya fi mai zurfi, don kifin yakan kai santimita 9 kuma ba ya zama wuri ɗaya, barcinsa kaɗan ne ƙwarai. Biyar ko shida sun isa. Ka sa murfi. Yashi mai laushi a ƙasa, duwatsu masu sulɓi, ban da mai kaifi. Yana gane hanya ne da layin ji da ke gefen jikinsa da kansa, wanda ke ɗaukar motsin ruwa, to a kwana biyun farko zai riƙa cin karo da kaya kafin ya haddace ɗakin. Shi ya sa ba a son yaro ya riƙa sauya wa duwatsu wuri kullum.

Sai ruwa. Kogwannin Meziko na dutsen farar ƙasa ne, ruwansu mai nauyi, alhali dutsen Filato giranit ne, ruwan rijiya da burtsatse kan zo da sauƙi. Tafi ɗaya na dakakken bawon kawa a cikin matatar ruwan tankin yana gyara wannan. Ruwan famfo kuma sai an sa masa maganin kashe kulorin. Kuskuren da ya fi cin kifi shi ne a sayo tanki da kifi rana ɗaya. Matatar ruwan na bukatar mako 4 zuwa 6 tana aiki, ana ɗan barbaɗa abinci, kafin ƙwayoyin cutar da ke cinye amoniya, gubar da ke fita daga ƙazantar kifi, su zauna. Ranar da kifin ya zo, a bar ledarsa a kan ruwan minti 20 kafin a sake shi. Bayan haka, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canzawa duk mako.

Abinci mai nutsewa za ka saya, sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Ba su san ƙoshi ba, yunwar kogo ta koya musu tara kitse. Kada ka haɗa su da kifi mai dogon wutsiya da sanyin jiki, za su yagalgala masa ita da sunan ɗanɗano.

In aka haifi 'ya'yansa a cikin haske, idon zai dawo?

A'a. Idon yana fara tsirowa tun cikin ƙwai, sai madubinsa ya lalace a kwanakin farko, sauran ya shanye, fata ta rufe. A jini abin yake, fitila ba ta gyara shi. Amma a 2008 an wallafa gwajin da aka haɗa makafi biyu daga koguna daban-daban, wasu daga cikin 'ya'yan suka fito suna gani, domin ba wuri ɗaya gadon ya lalace a kowane kogo ba. Na kanti yawanci tsatso ɗaya ne, don haka naka makafi za su haifa.