Hukuncin namiji ya ɗauki hoton zuciyar mai jego

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, daga Garwa nake. Maiɗakina ta haihu kwana 30 ke nan. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasan kai uku, in ba haka ba numfashi ya sarƙe. Likita ya rubuta mata hoton zuciya da suke kira eko, amma namiji ne ke yi, kuma sai an buɗe ƙirji. Iyayenmu mata sun ce sanyin jego ne. Ya halatta in kai ta?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, ya halatta, kuma a halin da ka siffanta ina ganin wajibi ne a kanka, kada ka bari a yi arba'in.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Shariku cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani. To, ta yaya za a yi maganin abin da ba a gano ba? Wannan kumburi da haki bayan haihuwa kan zo idan naman zuciya ya yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Eko ke nuna ƙarfin bugun, da ƙofofin zuciyar, da ruwan da ya kewaye ta. Sauti na'urar ke aikawa, irin hoton awon ciki, ba yanka ba allura: ta kwanta ta gefen hagu, a shafa mai mai sanyi, a goga kan na'urar a ƙirjinta.

Ƙirjin mace al'aura ne, babu saɓani. Sai dai lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadonta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce a fara neman likita mace Musulma, sannan mace amintacciya ko ba Musulma ba, sannan namiji. In ba a samu macen ba, ko jiranta zai ja lokaci, namijin ya yi. Ka tsaya a ɗakin, ko wata amintacciya ta tsaya, a rufa mata zane, a buɗe gurbin aikin kawai.

Kada a maimaita hoton don waswasi, sai likita ya nema. Kunun kanwa kuma a dakata da shi har ka tambayi likita, domin kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. Ka lallashi iyayen da girmamawa, amma gobe da safe ku tafi asibiti.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya jariri. Wallahu a'alam.