Naman ɗamara: a ina ake samunsa, kuma me ke sa shi tauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Houston nake zaune, ina aiki har yamma, ina neman naman da zan dafa cikin minti ashirin. A shagon halal na ga wani dogon nama siriri an rubuta masa skirt steak, iri biyu, ɗaya ya fi tsada. Na sayi mai arha na soya, ya fito kamar robar taya. Kuɗina na zubar ko hannuna ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuɗinki bai zube ba, wuƙarki ce muke zargi. Bari mu kira naman nan naman ɗamara, don haka siffarsa take: tsawonsa ya kai santimita 50 zuwa 60, ga shi falle ɗaya. Mutanen Meziko da na Texas ma sunan da suka ba abincin da ake yi da shi, fajita, daga kalmar ɗamara ya fito a Sifaniyanci. Da can ma'aikatan garken shanu na kudancin Texas ake ba wa shi saboda ba mai so. A garin da kike zaune Ninfa Laurenzo ta fara sayar da shi a gidan abincinta a 1973, ya yi farin jini, daga nan farashinsa ya tashi.

Iri biyun da kika gani tsoka biyu ce daban. Na waje, mai tsadar, shi ne shamakin da ya raba ƙirji da ciki, wanda saniya ke numfashi da shi. Faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, ya fi kauri, kitse ya ratsa shi, kuma gidajen abinci ke kwashe yawancinsa. Na ciki daga bangon ciki yake, ya fi faɗi, ya fi siranta, ya fi tauri. Idan naman shi kaɗai zai hau faranti, ki ƙara kuɗi ki sayi na waje. Idan za ki yayyanka shi ki naɗe cikin burodi da albasa da tattasai, na ciki ya wadatar.

Ki shimfiɗa shi a katako ki duba da kyau. Zaren naman ba ya bin tsawonsa, a gicciye yake tafiya daga gefe zuwa gefe, kamar layin tabarma. Hannu kuwa ya saba yanka dogon abu a gicciye, wato daidai yadda zaren ya kwanta, sai kowace loma ta zama dogon zare da haƙori zai yi ta fama da shi. Gyaran shi ne ki raba naman gida huɗu ko biyar, kowanne kamar santimita 12, tun kafin ya hau wuta. Bayan ya gasu ki juya kowane yanki, ki sa wuƙa ta datse zaren, siriri-siriri, kauri bai wuce rabin santimita ba, wuƙar a ɗan kwance.

Wuta ita ce abu na biyu. Ki goge naman da takardar kicin har ya bushe, don jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi a cikin ruwansa, ba ya soyuwa. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya ga rabin kilo. Kaskon ƙarfe mai nauyi, ki bar shi a wuta har man da kika zuba, babban cokali ɗaya, ya fara hayaƙi. Yanki biyu kawai a lokaci guda. Minti biyu zuwa uku kowane gefe, kada ki motsa shi. Ki sauke, ki bar shi ya huta minti biyar, sannan ki yanka. Kafin ya gama hutawa kin soya albasa a cikin kaskon da bai huce ba.

Tambaya: A kasuwarmu a Kano nama tuli ɗaya ake sarawa a auna. Yaya zan yi wa mahauci bayani ya ba ni wannan ɓangaren, kuma shanunmu za su yi?

Amsa: Malam, kada ka je da sunan Turawa, ka je da kwatance, kuma ka yi sammako. Ka ce masa kana son jan naman nan mai tsawo da ke manne a cikin haƙarƙari, wanda ya raba huhu da tumbi, kuma kada ya sare shi gunduwa-gunduwa. Duk mahaucin da ke feɗe saniya da kansa ya san shi, sai dai yakan tafi cikin kayan ciki ko a datse shi tare da haƙarƙari tun da safe. Na waje biyu ne kacal a jikin saniya, kowanne wajen rabin kilo ko fiye kaɗan, saboda haka gara ka yi magana da shi tun jiya. In kuna haɗa kuɗi ku yanka sa da Babbar Sallah, ka tsaya a wurin fiɗa ka nuna da yatsa.

Zai zo maka da farin tantani a jikinsa. Ka ɗaga bakinsa da wuƙa, ka kama da tsumma don santsi, ka ja, zai saluɓe. Mutanen Ajantina, da ke kiran naman entraña, sukan gasa shi da tantaninsa har ya yi ƙamas-ƙamas, amma a kan naman shanunmu ba mu ba da wannan shawarar ba.

Bunaji da Bokolo shanun kiwo ne da suka sha tafiya, kuma yawanci sun manyanta kafin a yanka. Ɗanɗanonsu ya fi, taurinsu ma ya fi. Ga shi naman da aka yanka yau da asuba yana sandarewa cikin sa'o'in farko. In firjinka na samun wuta tsayayya, ka rufe shi ya kwana ɗaya ko biyu a ciki, za ka ji bambanci. In wutar ba tabbas, kada ka gwada. Ka ɗan bubbuga shi da muciya ko bayan wuƙa, ka gasa a ranar, ka ƙara siranta yankan.

Tambaya: Za mu yi taron gashi a lambu da bazara a Birmingham, mutum talatin. Kilo nawa zan saya, kuma in gasa tun safe in ajiye?

Amsa: Nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wuta, ga abin da za ka zubar na tantani. In shi ne babban abin ci, ka lissafa giram 200 zuwa 250 ɗanye ga kowane babba, wato kilo shida zuwa bakwai da rabi. In akwai kaza da shinkafa a gefe, ko naɗe shi za a yi a burodi, kilo huɗu ya isa. A Ingila skirt kawai za ka ce wa mahaucin, ka ba shi kwana biyu ko uku ya tara maka. In bai samu da yawa ba, zai iya nuna maka flank, wato naman kwiɓi. Shi ma yana gasuwa, sai dai ya fi kauri, ba shi da kitse sosai, yana son minti huɗu zuwa biyar kowane gefe, kuma zarensa tsawo yake bi, don haka yankansa ya bambanta.

Kada ka gasa tun safe. Naman da ke gasuwa cikin minti shida ba shi da dalilin jira, kuma in an ɗumama shi bushewa yake. Abin da za ka yi tun safe shi ne cire tantani, rabawa, sa gishiri, a mayar firji. Ka tara garwashi a ɓangare ɗaya na magasa, ɗaya ɓangaren ka bar shi fili. Gawayi ya zama ja, toka ta fara rufe shi, har in ka kai tafin hannu kusa da wayar magasar ba za ka iya ƙirga uku ba. Kitse zai ɗiga wuta ta tashi, sai ka ja naman zuwa filin har ta kwanta, kada ka watsa ruwa toka ta bule shi. Ka riƙa gasa kilo ɗaya-ɗaya, wani na yanka wanda ya huta.

In da yajin tsire za ka yi, ka lura ƙuli-ƙuli ba ya jure irin wannan wutar, ƙonewa yake ya yi ɗaci. Gishiri da mai kawai kafin gashi. Yaji a minti na ƙarshe, sauran a barbaɗa bayan an yanka. Kuma farantin da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya ɗauki gasasshe.

Tambaya: Na jiƙa shi cikin ruwan abarba ya kwana don ya yi laushi, sai ya koma kamar tafasasshiyar hanta. Kuma maigida ba ya cin nama in ya ga ja a ciki.

Amsa: Ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narkar da tsoka, kuma naman ɗamara siriri ne, zarensa a buɗe. Minti talatin ya yi masa yawa ma wani lokaci. Ga haɗin da ba ya ɓata shi, na kilo ɗaya: man gyaɗa babban cokali huɗu, ruwan lemun tsami guda biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, citta kamar ɗan yatsa, masoro da gishiri. Sa'a ɗaya zuwa huɗu a firji, a tsame, a goge.

Batun maigida kuwa, 'yar'uwa, jan ruwan nan ba jini ba ne, launin tsoka ne ya haɗu da ruwan jikin nama, jinin ya fita tun wurin yanka. Amma ba sai an yi gardama a kan faranti ba. Masu son ja suna saukewa a digiri 54 zuwa 57 na ma'aunin Salshiyos. Hukumar noma ta Amurka tana cewa a kai shi 63 a bar shi ya huta minti uku, kuma a nan naman ɗamara yana nan da laushinsa saboda kitsen da ke cikinsa. In ya haura 70 ne yake komawa takalmi. Ki gasa duka yadda muka faɗa, ki yanka siriri, ki ware rabonsa ki mayar cikin kasko mai zafi da ruwan da ya tsatso a katako, ki jujjuya na daƙiƙa talatin. Jan zai ɓace kafin naman ya bushe.