Tsohuwar tarakta a bayan gida: a gyara ko a sayar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, aikin asibiti nake yi. Bara muka sayi gida a hannun magadan wani dattijon Bature, sai na tarar ya bar wata 'yar ƙaramar tarakta ja a rumfar baya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta. An rubuta Wheel Horse a jikinta, a kan injin kuma akwai ɗan faranti mai lamba K301. Magadan sun ce ta yi shekara goma ba a tayar da ita ba. Maƙwabcina ya taya ta dala ɗari biyu, uwargida ta ce in karɓa in huta. Ni kuwa ta shiga raina, har na sayo jan fenti da sabon batir. Ta ina zan fara? Ban taɓa kwance inji ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba uwargida haƙuri, kada ka sayar tukuna. Fentin nan ka ɗora shi can saman kanta, batirin ma kada ka jona shi a makon nan.

Abin da ka tsinta kayan kirki ne. Wani mutum mai suna Elmer Pond ya fara haɗa waɗannan taraktoci a South Bend ta jihar Indiyana a 1946, kamfanin Toro ya saye su a 1986, aka daina ƙera su a 2007. Sa'o'inta su ne Cub Cadet, wadda ta fito a 1961, da John Deere 110 ta 1963. An yi su ne don magidancin da ke da fili a bayan gari, ya yanke ciyawa da rani, ya ja 'yar garma a lambu, ya ture dusar ƙanƙara da hunturu. Injin da ke kanta na Kohler ne, ƙarfin doki 12, silinda ɗaya, gangar jikinsa zubabben ƙarfe. Duk abin da ya lalace a cikinsa ana kwance shi da sifana a sauya. Shi ya sa har yau dattawan Amurka ke neman su ruwa a jallo, kuma na tabbata maƙwabcinka ya san abin da ya gani.

Fara da wayarka. Ɗauki hoton kowace waya, kowane sifirin, kowane bel kafin ka taɓa shi, domin ranar mayarwa za ka gode wa kanka. Sannan ka cire fulogi, ka zuba baƙin mai cokali biyu ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka juya injin da hannu. Idan ya juya, alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare. Idan ya cije, zoben fistin ne ya kama jikin silinda da tsatsa. Sai ka zuba man giyar mota mai otomatik ko kananzir, ka bar shi kwanaki, kullum ka ɗan motsa shi gaba da baya. Kada ka zura dogon bututu a sifana ka ce za ka nuna masa ƙarfi. Ta nan ake karya zobe a lanƙwashe kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, aikin kwana uku ya koma na wata uku.

Daga nan ka kwance murfin gwangwanin da ya lulluɓe injin. Wannan inji ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, tana bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. Injin da ya shekara goma a rumfa, da wuya ka buɗe ba ka tarar da sheƙar ɓeraye a wurin ba: audugar kujera, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, duk a cushe. In ka tayar da shi haka, zai yi zafi ya ƙone ba ka sani ba. Kai ma'aikacin asibiti ne, ka fi ni sanin cutar da kashin ɓera ke ɗauke da ita a ƙasar nan da kake, don haka sa safar hannu da takunkumi, ka jiƙa wurin da ruwan bilic kafin ka kwashe.

Baƙin mai shi ne ran wannan inji, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai. Wani ɗan ƙarfe ne a gindin kwanrod yake tsoma kansa cikin man yana watsa shi sama duk juyi ɗaya. Idan mai ya yi ƙasa, ƙarfen ba zai taɓo shi ba, kwanrod ya bushe, ya tsinke, wani lokaci ya fasa gangar injin ya leƙo waje. Yawancin injinan Kohler da aka kawo mini a mace, wannan ne ajalinsu. Juye tsohon man, zuba mai lamba SAE 30 a lokacin zafi, mai ɗan ruwa-ruwa a lokacin sanyi, ka sauya shi duk bayan awa 25 na aiki, kuma ka zaro geji ka duba duk ranar da za ka hau.

Sai fetur. Tsohon da ke tankin ya riga ya zama wani abu mai wari da danƙo. Wanke tankin, sauya tiyon gaba ɗaya, sa sabuwar 'yar matata. Kwance kofin da ke ƙasan kafireta, za ka ga wani kore-kore ko ja-ja ya daskare a gindi. Kafin ka zaro allurorin saiti, murɗa kowacce ciki a hankali har ta tsaya, kana ƙirga juyin, ka rubuta, don ka mayar da ita yadda ka same ta. Fetur ɗin gidajen mai na Amurka yawanci akwai sinadarin etanol kashi goma cikin ɗari a ciki, yana jan ruwa yana cin tsohuwar roba. In kana samun marar etanol kusa da kai, shi za ka riƙa zuba mata.

Wuta kuma daga kontak take, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya ba da tartsatsi. Yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefen injin. Bakinsa biyu za ka ga sun yi fari-fari ko baƙi. Goge su da lallausar takardar yashi, ka zura farar takarda tsakaninsu ka ja har ta fito tsaf, ka saita tazarar a 0.020 na inci, wato kusan rabin milimita. Sabon fulogi da sabuwar kwandansa ba su da tsada. Kuma kada ka bar makulli a kunne injin yana kashe, kwayil ne zai ƙone. Wani abu da ke ruɗa sababbin hannu: in ka sa ma'aunin matsi za ka ga ya nuna kaɗan, ka ɗauka injin ya mutu. Akwai wata dabara a kan kamshaf da ke ɗan ɗaga bawul lokacin tayarwa don ya juyu da sauƙi, ita ce ke rage awon. Littafin gyaran wannan jerin injinan yana intanet kyauta, ka sauke shi ka buga a takarda.

In taraktar mai giyar hannu ce, duba man giyar. In ya fito fari kamar madara, ruwa ne ya shiga ta yagaggiyar robar gindin sandar giya. Juye, wanke da kananzir, sauya robar.

Sai ka gama duk wannan za ka jona batir. In ta tashi, yi aiki da ita damina guda cur, ka ga inda take yoyo, ka ji inda take ƙara. Fenti kafin wannan kamar a shafa wa majinyaci hoda ne ba a auna shi ba. In lokacin ya zo, ka sani tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, tsohon gasket da fatar birki kuma na iya ƙunsar asbesto, don haka a jiƙe ake gogewa, a waje, nesa da yara. Ni dai da tawa ce, in tsatsa ba ta huda ta ba, wankewa zan yi in shafa mata mai in bar ta da jan da ta zo da shi daga masana'anta. A watan Agusta ana babban taron tsofaffin injina da taraktoci a Portland ta Indiyana, dab da iyakar jiharku. Ka je da uwargida da hoton farantin lambar, za ka samo kayan gyara da masu nuna maka hanya.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana da irin wannan tsohuwar tarakta a nan Minesota. Yakan ɗora ɗanmu mai shekara huɗu a cinya yana yankan ciyawa. Na yi magana ya ce tsoro ne ya yi mini yawa.

AMSA: Hajiya, gaskiya tana wurinki, ki nuna masa wannan shafi. Na zamani in direba ya tashi daga kujera injin mutuwa yake yi. Yawancin tsofaffin ba su da wannan, wuƙa tana ci gaba da juyawa ko da mutum ya faɗo. Yaron da aka saba ɗorawa kuma shi ne wata rana zai biyo ta da gudu ta baya, uban na ribas bai gan shi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ɗora yaro a kan irin wannan tarakta ko kaɗan, kuma sai ya kai shekara 16 zai tuƙa. Alhaji, in injin yana aiki, yaro ya zauna cikin gida. In an kashe an zare makulli, ka kira shi ya riƙa miƙo maka sifana.

TAMBAYA: Oga, daga Funtuwa nake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Massey Ferguson 135 a gindin maina, shekara shida ke nan ba ta motsa ba. 'Yan gwangwan sun zo za su saya a kilo, yayyena sun yarda. Ni raina bai kwanta ba.

AMSA: Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ka roƙi yayyenka su ba ka wata ɗaya. Sayar da 135 a kilo asara ce da ke ci mini rai duk lokacin da na gani.

An fara ƙera ta a Koventiri ta Ingila a tsakiyar shekarun 1960, da injin Perkins mai silinda uku. A can yanzu masu sha'awa suna wanke ta suna kai ta baje koli, mu kuwa nan har gobe tana iya jan haro ta ci abincinta. Kuma ba marainiya ba ce. Kamfanin Millat a Pakistan da TAFE a Indiya sun daɗe suna ƙera taraktocin Massey Ferguson masu injin wannan zuriya, shi ya sa zobe, layina, gasket da famfon ruwa ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna.

Abu na farko, dubi bakin salansa. In a buɗe yake yana kallon sama duk damunan nan, ruwa ya sauka cikin silinda. Sassauta notin juye mai kaɗan ka ga abin da zai fara ɗiga, domin ruwa ƙasa yake kwanciya. Ko da fistin ya kama, ba ƙarshenta ke nan ba, tunda silindar layina ce, ana zare ta a sa sabuwa. Abin da zai sa ni ma in ce a sayar shi ne tsagewar gangar inji ko ta gidan giya, ko kuma ka tarar an riga an sace famfon injekta da sitata da famfon haidirolik. Giya da haidirolik da aksil na baya mai ɗaya suke sha, ka duba shi ma ko ya yi fari.

Tsohon gas a juye shi, a wanke tanki, a sauya matatu, a fitar da iska tun daga matata har bakin nozul. Famfon injekta kada kowa ya buɗe shi a gindin bishiya, a kai wa masu na'urar gwaji. Kada a ja ta da mota don ta tashi alhali ba a tabbatar injin yana juyawa ba. Kada kuma wani yaro ya tsaya a ƙasa gaban tayar baya ya haɗa sitata da sukudireba, in tana cikin giya a kansa za ta bi.

Maganar gado kuwa ta malamai ce, amma sai an san darajar abu ake raba shi daidai. Ku kira bakanike biyu da ba su san juna ba, kowa ya yi mata kuɗi yadda take a yanzu. In ka iya, ka biya sauran magada rabonsu ta zama taka, ka gyara a hankali. In ba ka iya ba, a sayar wa manomi ko mai gareji a matsayin tarakta, kuɗin zai fi na kilo nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Ina noman tumatir da shinkafa a Kadawa. Na ga bidiyon waɗannan ƙananan taraktocin Amurka suna huɗa. In sa a sayo mini tsohuwa?

AMSA: A'a Malam, ban ba ka shawara ba. Ba ta da nauyin da za ta riƙe ƙasa a laka, cikinta yana kusa da ƙasa, kunya ɗaya za ta dakatar da ita. Fetur take sha, kuma ranar da kontak ko bel ya lalace sai ka jira a aiko maka daga ƙetare, tumatir kuwa ba ya jira. Masu bidiyon nan nishaɗi suke yi a lambun da bai kai rabin kadada ba. Abin da ya dace da fadamarka shi ne injin huɗa mai taya biyu da ake bi a baya, mai shan gas, silinda ɗaya, irin na Sin ko Indiya, wanda ake sa wa tayoyin ƙarfe in za a shiga ruwa. Kafin ka biya kuɗi, rubuta sunan injin da lambarsa, ka shiga kasuwa ka tambayi zobe da nozul da bel da wuƙaƙen huɗarsa. In ka same su a shago uku daban-daban, saya. In an ce maka sai an yi oda daga Legas, nemi wani samfurin.