Aikin likitan cututtuka masu yaɗuwa da binciken da yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina shekarar ƙarshe a karatun likitanci, kuma ina sha'awar ƙwarewa a fannin cututtuka masu yaɗuwa. Abokan karatuna na cewa aikin bai wuce rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Haka ne? Kuma a kan me ake bincike a fannin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Sau da yawa ma, dakatar da magani ake kiranmu mu yi.

Bayan digiri, za ki fara ƙwarewa a cututtukan manya ko na yara, sannan ki shiga wannan fanni. Tsawon horon ya danganta da ƙasa.

Aikinmu na tambaya ne. A kawo majinyacin da ya yi mako uku yana zazzaɓi, an ba shi magani iri uku, duk a banza. Sai ki ja kujera ki zauna: wace ƙasa ya je, wace dabba yake kiwo, ya sha madarar da ba a tafasa ba, wa ke tari a gidansu? Ki yaye bargo ki duba robar da aka sa masa a jijiya tun ranar da aka kwantar da shi. Wani lokaci cire ta ne maganin. Kuma a ɗebi jinin da za a kai ɗakin gwaji kafin allurar farko, in ba haka ba ƙwayar cutar na iya ƙin tsirowa a gwajin.

Batun bincike kuwa, a ganina babu abin da ya kai bijirewar ƙwayoyin bakteriya ga magani. An ƙiyasta cewa ita kai tsaye ta halaka mutum miliyan 1.27 a 2019, alhali Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kanta tun 1945. Tarin fuka mai bijire wa magani a da yakan ci wata 18 ko fiye ana jinya; a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna na wata shida. Akwai kuma rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda hukumar ta amince da iri biyu nasa, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, ga kuma ƙanjamau.

Ba sai kin jira samun babban ɗakin bincike ba. Ki koyi ƙididdiga tun yanzu, ki saba da ma'aikatan ɗakin gwajin asibitinku, ki nemi izini ki tattara sakamakon shekara guda: wace ƙwaya aka fi samu a jini da fitsari, wane magani ne ya daina yi mata aiki.