Na ƙure wa kwamfutar Yayana gudu, yanzu tana mutuwa da kanta

Anti, barka da aiki, da fatan kina lafiya ke da iyali.

Ni matashi ne ɗan shekara 21 a Sakkwato. Ina aiki a shagon Yayana, muna ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, ni ne mai tacewa. Kwamfutar da muke aiki da ita ta tebur ce da aka saya a hannun wani, furosesanta (wato ƙwaƙwalwarta mai yin lissafi) Core i7-9700K, kuma sai da Yaya ya sayar da babur ɗinsa kafin ya iya sayenta.

Bayan ƙaramar Sallah bukukuwa suka taso mana, masu aiki suna ta sintiri a ƙofar shago. Sai na ga wani Bature a YouTube mai irin furosesanmu, ya shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga tun tana tashi, ya kai gudunsa 5.0 GHz, ya ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 1.4. Da dare bayan Yaya ya tafi gida na kwafi lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. Dare biyu na yi aiki lafiya lau. A rana ta uku da azahar, ina tsakiyar fitar da bidiyon wata amarya, fanka ta dinga ƙara kamar injin markaɗe, allo ya yi shuɗi, kwamfuta ta ɗauke. Tun daga ranar ta yi haka sau biyar. Na sauke Core Temp, manhajar auna zafin furosesa, na ga digiri 98, 99, har 100. Wani abokina ya ce ai ta riga ta ƙone, wani kuma ya ce nasa yana wuce haka ba abin da ya same shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne Yaya bai san na taɓa komai ba. Ya ɗauka wanda ya sayar masa ne ya cuce shi, ya ce ranar Asabar zai mayar masa da kayansa ko da rigima ce. Mutumin kuwa abokin marigayi Babanmu ne.

Anti, zafi nawa ne ba shi da haɗari? Na lalata ta ke nan? In na mayar da komai yadda yake ta daina mutuwa, dole ne sai na faɗa?

Ɗanki a Sakkwato

Ɗana,

Ka kwantar da hankalinka, da wuya a ce ka ƙona ta. Wannan 100 da ka gani ita ce iyakar da Intel ta sa wa furosesan naku. Da zarar ya kai nan sai ya ja birki da kansa, ya rage gudu don ya huce, in kuma abin ya fi ƙarfinsa ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Saboda haka abokinka mai cewa ta ƙone ya yi gaggawar yanke hukunci. Shi ma ɗayan kada ka biye masa: furosesan da ke zaune a bakin iyakarsa kullum, ga wuta mai yawa tana ratsa shi, a hankali yake lalacewa ta ciki cikin watanni. Alamarsa ita ce gudun da yake yi jiya ba matsala, yau sai an ƙara masa wuta kafin ya iya. Mako guda bai cika yin wannan ɓarnar ba.

Yau ɗin nan, kafin ka taɓa bidiyon kowa, ka shiga BIOS. Ka fara ɗaukar hoton shafukan da wayarka, sannan ka zaɓi Load Optimized Defaults, wanda zai mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani, ka ajiye ka fita. In ta ƙi tashi sam, ka zare ta daga wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod (babban faifan da komai ke haɗe a kansa), mai lamba CR2032, ka bar shi minti biyar ka mayar.

Yanzu ga inda Baturen naka ya yaudare ka ba da niyya ba. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗaki kawai take hurawa a kan ƙarfen da ke ɗebe zafin furosesa. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya furosesa zai ƙaru. A ce shi yana zaune a ɗaki mai digiri 22, kai kuma kana shago mai rufin kwano a Sakkwato da bazara, inda azahar ke wuce 40. Tun ba ka danna komai ba ya riga ka da digiri 18. Abin da zai nuna masa 82, kai 100 zai nuna maka. Shi ya sa ta yi maka biyayya dare biyu, ta kunyata ka da rana tsaka. Furosesa in ya yi zafi yakan fara tuntuɓe a lissafi a gudun da yake iya riƙewa lokacin da yake da sanyi, wannan tuntuɓen shi ne shuɗin allon. Ga kuma abin da masu harkar suka sani: furosesa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba sa jure abu ɗaya. Kwafar lambobin wani kamar shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabcinka ne.

Mafi yawan zafin kuma ba daga gudun ya fito ba, daga wutar da ka ƙara ne. Zafi yana hawa ne daidai da ƙarfin wuta in an ninka shi da kansa. In ka tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.4, a ido ɗan ƙari ne, amma a lissafi zafi ya ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, tun ba a sa na ƙarin gudun ba. To me ka samu? Furosesan nan, ba tare da an taɓa shi ba, yana tafiya 4.6 GHz in duka ƙwayoyinsa takwas, wato sassansa masu lissafi, suna aiki. Kai ka kai shi 5.0. Bidiyon da ke cin awa guda zai fita a minti 55 in an yi sa'a. Minti biyar ke nan, wanda mutuwa ɗaya a tsakiyar aiki ta cinye shi har da riba. Garin neman gira ka kusa rasa ido.

Ga yadda za ka auna bayan ka mayar da ita. Core Temp ba laifi, amma na fi son HWiNFO64, shi ma kyauta ne, domin yana ajiye lamba mafi girma da aka kai da kuma matsakaiciya, kuma yana da layin da ke faɗa maka ƙarara ko furosesa ya ja birki saboda zafi. Kada ka tsorata da tsalle na daƙiƙa ɗaya, buɗe manhaja kaɗai yana iya cilla lamba sama ta dawo. Inda ta tsaya bayan minti goma na aiki mai nauyi shi ne abin dubawa. Ka gwada da Cinebench R23, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, zagayensa na minti goma, sannan ka gwada da abin da ya fi shi gaskiya: bidiyon biki na ainihi, da ƙarfe biyu na rana, ƙofar shago yadda kuka saba barinta. Gwajin asuba zai yi maka daɗin baki ne kawai.

A irin ɗakinku, 45 zuwa 50 alhali ba ta aikin komai ba abin damuwa ba ne. A cikin aiki mai nauyi, abin da masu harkar ke nema shi ne a tsaya ƙasa da 85. Daga 85 zuwa 90 an shiga gargaɗi. In ta zauna sama da 90, akwai gyara. Ka lura wannan ma'aunin na furosesanku ne. Wasu an ƙera su ne su yi aiki da zafi, kamar Ryzen 7000 na AMD da ke hawa 95 da gangan ya zauna a nan, don haka kada wani mai irin wannan ya ruɗe ka da lambarsa. A HWiNFO64 ɗin ka duba har da zafin sashen madabod da ke ba furosesa wuta, za ka gan shi da sunan VRM ko MOS in madabod ɗin yana nunawa. Shi ma yana gasuwa in an ƙure wuta, mutane kuma ba sa tunawa da shi.

In ka mayar da komai amma har yanzu tana haura 90, to ka buɗe murfin. Irin wannan furosesan ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, duk abin da ke kansa wani ne ya ɗora. In ƙaramar fanka ce zagayayya a kan ɗan ƙarfe kamar murfin kwano, an yi ta ne don ƙananan furosesa, ba don mai wat 95 ba. Abin da ya dace shi ne doguwa mai bututun tagulla. Ka kuma duba tsakanin haƙoran ƙarfen. Na taɓa ganin wadda ƙurar hunturu ta toshe har ta zama kamar auduga, ana bare ta da yatsa ta fito faifai guda. Ka hure da bulowa a waje, ka danne fankar da yatsa kada iska ta wujijjiga ta. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ake kira thermal paste, shi ma yana bushewa. Ka goge tsohon da sifirit, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshin a hankali ta kusurwa da kusurwa. Sannan ka fito da akwatin daga lungun ƙarƙashin tebur inda yake shaƙar iskar da ya fitar.

Saurin da kake nema kuwa akwai shi ta wata ƙofa. Furosesan naku yana da wani sashe da ake kira Quick Sync wanda aikinsa ke nan fitar da bidiyo, kuma manhajoji irin su Premiere Pro suna iya amfani da shi, ko kuma da katin hoto (graphics card), in an zaɓi hakan wajen fitarwa. Sau da yawa wannan zaɓin ya fi duk ƙuren da za ka yi a BIOS rage lokaci, kuma furosesan ma hutawa yake yi. Manyan ayyuka ka jera su su fita da dare.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta sa ka rubuto. Da a ce kwamfutar kaɗai ce a tsakani, da na ce tsakaninka da Yayanka ne. Amma akwai dattijo da za a je a kira macuci a gaban shagonsa kan abin da bai yi ba, kuma abokin mahaifinku. Ko ta daina mutuwa gobe, zargin zai zauna a ran Yayanka, ya faɗa wa wannan ya faɗa wa wancan. Saboda haka eh, dole ne, kuma kafin Asabar. Kada ka je masa hannu rabbana. Ka mayar da ita, ka fitar da bidiyon amaryar nan da azahar, ka ɗauki hoton lambobin, sannan ka same shi shi kaɗai bayan Isha'i, ba a gaban yaran shago ba. Ka ce, “Yaya, ni na taɓa ta don aiki ya yi sauri, na yi kuskure, ga yadda take yanzu.” Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. In ya huce, ka nuna masa fankar, domin kuɗin da ya yi niyyar kashewa a rigima a nan ya kamata su tafi.

Anti