Amsa: Ta yaya zan gane mai kula da plaza ɗina yana aikinsa?

Wa alaikumus salam Alhaji. Kan tambayarka na yadda za ka auna aikin wanda ka ba kula da plazarka a Jekadafari, tunda kuɗin gyara na fita kullum amma masu shaguna na ta korafi, to gaskiya kar ka tsaya kan rasit kawai, rasit kowa na iya rubutawa.

Ka sa a ajiye littafi ɗaya a wajen maigadi, duk mai shagon da famfonsa ya lalace ko soket ya ƙone ya rubuta ranar da ya kai ƙara, in an gyara a rubuta ranar, tazarar nan ita ce ma'auninka, kuma in abu ɗaya ya dawo sau uku a wata to ba gyara ake ba, lallaɓawa ake.

Janareta kuwa nan ne kuɗi ke zurarewa. Akwai mita a jikinsa mai ƙirga awannin aiki, ka ɗauki hotonta duk ƙarshen wata ka raba litar gas ɗin da aka saya da awannin, in lissafin ya yi tsalle ba tare da an ƙara AC ba ka tambaya. Yawancin manyan injinan dizal ana canza musu mai da filta duk awa 250, ka duba littafin da ya zo da injin naka.

Rufi da magudana a duba su tun Afrilu kafin damina, AC kuma a wanke bayan ƙurar hunturu. Sumo, wato injin da ke cikin borehole yana turo ruwa sama, shi ma a rubuta duk ranar da aka ciro shi.